Anna Karenina: Littafi Da Majigi

Malamai da yawa suna kukan cewa almajiransu sun gwammace kallon majigi da karanta littafi, wai ai labarin ɗaya ne. To, bari mu auna zancen nan da littafin Anna Karenina, wanda Leo Tolstoy, mutumin Rasha, ya wallafa, aka buga shi dunƙule cikin 1878.

Labarin dai na matar wani babban ma'aikacin gwamnati ne mai suna Karenin. Ta bar mijinta da ɗanta ta bi wani hafsan soja, Vronsky, jama'a suka juya mata baya, kishi da zullumi suka ci ta, har ta faɗa ƙarƙashin jirgin ƙasa. Amma wannan rabin littafin ne kurum. Sauran rabin na Levin ne, mai gonaki a ƙauye, wanda yakan shiga yankan ciyawa tare da manomansa, ya auri Kitty, ya kuma sha fama da tunanin mutuwa. Littafin kashi 8 ne, Anna kuwa ta mutu a ƙarshen na 7. Na 8 kusan duk na Levin ne.

Masu majigi ba su da wannan sarari. Cikin 1927 aka yi wani marar magana a Amurka, Greta Garbo ta fito a matsayin Anna, aka shirya masa ƙarshe iri biyu. A ɗaya ta mutu, a ɗayan kuwa Karenin ne ya mutu, ita da Vronsky suka sadu cikin murna. Mai gidan sinima sai ya zaɓi wanda zai fi kawo masa kuɗi!

Na 1935 shi ya fi damunmu, ko da yake Garbo ta gwada gwaninta ƙwarai a cikinsa. Dokokin tace majigi na Amurka a lokacin sun tsananta, saboda haka aka cire 'yar da Anna ta haifa wa Vronsky. Alhali kuwa a kan gadon haihuwar nan ne, sa'ad da ake zaton ba za ta tashi ba, Karenin ya yi kuka ya gafarta mata, har ya miƙa wa Vronsky hannu. Da aka cire jaririyar sai gafarar ta bi ta. Mai kallo zai fita yana cewa mugun miji ne ya kashe matarsa, mai karatu kuwa ba shi da wannan sauƙi, gama ya ga mutumin a ranar da ya fi kowa girma.

Na 2012 ya yi wata dabara: aka sa manyan Petersburg da Mosko cikin tsohon ɗakin wasan kwaikwayo, watau zamansu duk na ganin ido ne, Levin kuwa aka fitar da shi filin Allah. Dabarar ta yi kyau, amma ko a nan gardamar da Levin ya yi ta yi da zuciyarsa a kashi na 8 ba ta wuce 'yan mintoci ba.