Takardun Awon Da Na Fito Da Su Daga Hartum

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, ina zaune gaban keken ɗinkina a gidanmu da ke kudancin Hartum, ina haɗa hannun rigar sallar autana, sai muka fara jin ƙarar harbi. Sallah saura kwana shida. Duk wanda ya taɓa azumi a Sudan ya san yadda teloli suke a irin wannan lokaci: shago cike da yadi har rufi, tela ba ya runtsawa. Maƙwabtanmu da dama kayan sallarsu na can hannun teloli a kasuwa, kuma har yau ba su sake ganinsu ba.

Bayan sati biyu muka kama hanyar Gadarif, inda muke da dangi. Keken ya yi nauyi, dole na bar shi. Amma cikin jakar hannuna, tare da fasfo da takardun haihuwar yara, na cusa wani ƙunshin takardu masu ruwan ƙasa. Maigida ya gani ya ce, "Maman yara, ana gudun rai kina kwasar takardar siminti?" Na ce, "Alhaji, bar ni da su, ba su kai nauyin buta ba."

Waɗannan takardu su ne awon kowa na gidanmu, an yanka su daidai jikin mai su. A Sudan ana ce musu batron. Ni dai takardar yanka nake cewa, domin a kanta ake ɗora yadi a bi da almakashi. Yadda na same su, da abin da suka yi mana, shi nake so in ba 'yan uwana mata labari, musamman waɗanda mazajensu da 'ya'yansu ke warwatse a ƙasashe saboda fatauci.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakanninmu hanyar Makka ta kawo su, kamar dubban mutanen da suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu suka zauna Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka shiga aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Shi ya sa a gida ɗaya za ki ga tufafi iri biyu. Maigida yana sa jallabiya da arragi in zai tafi rumfarsa a Suk Libiya da ke Umdurman, ranar suna kuma ya fito da kaftani da hula. Ni ina yafa tob, wato laffaya, amma a ƙarƙashinsa riga da siket na atamfa ne. Matsalar ita ce tarzin Sudan, wato telansu, gwani ne a jallabiya mai faɗi, in ki ka ba shi atamfa sai ya yanka miki ita kamar buhu. Ni kuma na iya taka keke tun ina yarinya wajen Inna, amma yanka da ido nake yi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, nawa idon ya sha ɓata min turmi.

Wani dattijon tela Bahaushe a tsohuwar kasuwar Umdurman shi ya raba ni da wannan asara. Na kai masa rigar da na ɓata in ga ko za ta gyaru. Ya juya ta ya ce, "Ɗiyata, ɗinkinki ba shi da laifi, yankan ne ya ci amanarki. Kawo min mutanen gidanki in yanka miki su a takarda, ki huta." Na biya shi kuɗin ɗinkin riga ɗaya a kan kowace takarda. Da farko na ga tsada, amma da na tuna sau nawa nake tsallaka gadar Farin Nilu don kai ɗinki da karɓowa, sai na ga araha ce.

Ga yadda ya yi, kuma kowace tela ta ƙwarai a Kano ko Njamena ko Jidda za ta iya yi miki haka. Ya sa na zo da rigar da ta fi zama wa kowa daidai. Ya auna maza da kansa, ni kuma na auna kaina da 'yan matan a gida kamar yadda ya nuna min: faɗin kafaɗa, zagayen ƙirji, ƙugu, mazaunai, zagayen wuya, tsawon hannu, kaurin damtse, da tsawon riga. Ya ce kar a ja tef ya matse, a bar wurin da yatsa biyu za su shiga. Sannan ya buɗe takardar buhun siminti, ya goge ta da dutsen guga, ya zana gaba daban, baya daban, hannu daban, wuya daban.

Bai ba ni takardun ba sai da ya sa na gwada su a kan damuriya, farin yadin auduga mai araha irin wanda mutanen Kano ke kira akoko. Na yi ɗinkin wucin gadi da manyan zare, aka sa, ya duba. A nan ya gano kafaɗar Maigida ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, saboda shekarun ɗaukar bandir ɗin yadi. Ya rage takardar a wannan gefe. Tun daga ranar rigarsa ta daina zamewa gefe ɗaya.

A kan kowace takarda ya sa na rubuta abu huɗu: sunan mai ita, ranar da aka auna, kibiya mai nuna tsayin yadi, da ko an haɗa da sakin ɗinki. Shi santimita ɗaya da rabi yake bari a gefe, uku ko huɗu a ƙasa don kalmasa. Ya kuma gargaɗe ni in riƙa jiƙa yadin auduga ya bushe kafin yanka, domin yana shanyewa a wankin farko.

A Gadarif muka sauka a ɗaki ɗaya mu shida. Jarin Alhaji ya ƙone a kasuwa. Wata ƙanwar Inna ta ara min tsohon kekenta samfurin Butterfly, na fara ɗinka wa matan unguwa da takardata da ta 'yan matana, ina ƙara ko in rage. Da kuɗin nan muka ci abinci wata da watanni. Daga baya Alhaji ya wuce Bur Sudan neman abin yi, babban ɗanmu kuma kawunsa ya ɗauke shi zuwa Kantin Kwari a Kano. Babbar sallah ta zo ba ɗayansu a gabana, amma na shimfiɗa takardar Alhaji na yanka masa jallabiya, na ba direba ya kai. Ya kira ni ya ce, "Kamar ina tsaye kika auna." Na kasa ba shi amsa, sai hawaye.

Na yi kurakurai kuma, gara in faɗa. Na aika wa kawun yaron cewa ya sayo shadda huɗu ya ba mai zuwa, ban ce mita ba. Shi kuwa a Kano da yadi ake awo. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, ke nan huɗu sun gaza mita huɗu da kusan santimita 34. Hannu ɗaya ya rasa yadi. Na biyu, na yanka da takardar da aka auna yaron yana ɗan shekara sha huɗu, alhali ya kai sha shida, wando ya tsaya masa a ƙwauri. Yanzu yara duk wata shida nake sa a sake auna su, kuma in za a turo awo ta WhatsApp sai na ce a faɗa min inci ne ko santimita, tunda tef fuska biyu gare shi, inci ɗaya kuma ya haura santimita biyu da rabi kaɗan.

Shawarata, 'yar uwa, kafin maigida ya sake ɗaukar jaka, ki kai shi wajen tela a yanka miki shi a takarda. Ki kwafa a kwali, ki ɗauki hoton kowace da tef shimfiɗe a gefenta, ki tura wa wata 'yar uwa a wani gari ta ajiye. In babu tela kusa, warware tsohuwar rigar da ta yi masa daidai, ki goge, ki zana.

Dattijon nan na Umdurman ban san inda yaƙi ya jefa shi ba. Na tambayi duk wanda ya koma bayan sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, ba labari. Rubutunsa na ajami yana nan a gefen takardar Alhaji, inda ya sa alamar kafaɗar dama. In yana raye Allah Ya sada mu, in ya riga mu Allah Ya jiƙansa. Wanda duk ya san shi, don Allah ya faɗa masa takardun sun isa Gadarif lafiya, kuma har yanzu da su nake yanka.