Horon Gaba da Digiri Kan Lafiyar Ƙafar Ɗan Wasa: Darasi Daga Filayen Gezawa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba wani fanni na aikin asibiti wanda sunansa ma baƙo ne a kunnen yawancinmu, watau fodiyatiri, ko kuma mu ce likitancin ƙafa, da irin horon da ake ba masu wannan sana'a bayan digiri na farko domin su kula da 'yan wasa. Mu dai ba likitoci ba ne. Aikinmu shi ne horar da malaman wasanni da kiwon lafiya a kwalejin ilmi, kuma ta wannan ƙofa muka shigo maganar, domin ɗalibanmu ne ke tsaye a bakin fili sa'ad da yaro ya faɗi ya dafe idon sawunsa. Mun ɗauki ƙasar Gezawa abin misali saboda can muke zuwa duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Abin da muke son nunawa shi ne, tsarin horon da ake yi a Turai da Amurka ba zai dasu a nan yadda yake ba, sai an gina shi a kan ma'aikatan da muke da su, da kuma irin ƙafar da ke wasa a filayenmu.

2.0 Yadda Horon Yake a Inda Ya Kafu

Ƙafar mutum guda, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Idan mutum yana gudu, nauyin da ke sauka a kanta a kowane taku yakan ninka nauyin jikinsa sau biyu zuwa uku. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ware mata likita na musamman. A Amurka ɗalibi yakan yi shekara huɗu a makarantar likitancin ƙafa bayan digirinsa na farko, sa'an nan ya yi shekara uku yana aiki a asibiti ƙarƙashin manya. Masu son karkata ga 'yan wasa suna da ƙungiyarsu ta ƙwararru tun 1970. A Ingila kuwa digiri ne na shekara uku, daga baya mai sha'awa ya koma jami'a ya yi difloma ko digiri na biyu a likitancin wasanni. A nahiyarmu, Jami'ar Johannesburg ta Afirka ta Kudu ita ce aka sani da yaye irin waɗannan likitoci.

Abin lura shi ne, duk wannan horo na sama yana zaune ne a kan sana'ar da ta riga ta kafu. Mu a Kano babu jami'ar da ke ba da digirin farko a fannin, saboda haka idan muka ce a buɗe kwas na gaba da digiri domin likitocin ƙafa, to wa zai shiga ajin? An yi rufi ke nan babu bango.

3.0 Ƙafar da Ke Wasa a Gezawa

Ƙaramar hukumar Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 282,069. Tana cikin yankin nan na karkarar Kano mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, har da wuya a sami fegin da ba a noma shi. Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye. Da damina filin wasa ba ya wuce na makaranta. Da zarar an yi girbi kuwa, gonaki su ne filaye: a share kara, a kafa sanduna biyu, a hau ƙwallo a kan ƙasar da ke da sauran kunya da kututturen dawa, wadda iskar hunturu ta busar ta yi tauri. A nan ne kuma ake dambe da kokawa da kaka, yara su yi langa da dare idan akwai farin wata.

Bari mu ɗan tsaya a kan langa, domin ba mu san wani wasa da ke gwada idon sawu kamarta ba. Mai wasa yana riƙe da ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, ana turo shi yana turewa. Nauyinsa duka da na abokin karawa suna kan gaɓa guda. Idan ƙafar ta sauka a gefen kunya sai ta lanƙwashe ciki, jijiyoyin gefen waje na idon sawu su ɗame ko su tsinke. Wannan shi ne targaɗen da kowa ya sani. Amma irin wannan lanƙwasa ce kuma ke karya gindin ƙashin da ke bin gefen ƙafa zuwa ƙaramin yatsa, ko ta fasa ƙarshen ƙashin idon sawu, kuma a ido duka kumburi ɗaya ne. Abin sha'awa, tsayuwa da tsalle a ƙafa ɗaya suna cikin atisayen da hukumar FIFA ta fito da shi a 2006 domin rage rauni, wanda binciken da aka buga a 2008 kan 'yan mata masu ƙwallo a Norway ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Watau wasan da ke jawo targaɗe a gona, in an tsara shi a fili mai laushi, shi ne rigakafinsa.

Sai batun takalmi. Yawancin yaran nan ba takalmi suke wasa, ko kuwa da na roba, ko bot na gwanjo wanda ba sawunsu ba ne. Littattafan likitancin ƙafa na Turai sun ginu ne a kan ƙafar da ta tashi cikin takalmi, shi ya sa babban maganinsu shi ne shimfiɗar da ake aunawa a sa a cikin takalmin. Me za a yi da ita ga wanda ba shi da takalmin? Ba kuma muna cewa ƙafa tsirara aibi ce ba. Abebe Bikila na Habasha da ita ya ci tseren dogon zango a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Haɗarinta a wurinmu shi ne ƙaya da ƙusa da kututturen kara, da faso mai zurfi a dunduniya lokacin sanyi, a ƙasar da aka zuba wa takin dabbobi, inda ƙwayar cutar tetanus mai sarƙe haƙora ke zaune. Ga kuma ciwon dunduniya na yara masu tasowa, 'yan shekara 8 zuwa 14, wanda ke zuwa daga jan da agara ke yi wa ƙashin da bai gama ƙosawa ba. Mun sha jin malami na ce wa irin wannan yaro raggo.

4.0 Maɗori da Asibiti

Wanda ya ji ciwo a fili, wurin maɗori ake fara kai shi, kuma bai kamata mu yi wa wannan kallon raini ba. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, an san gidansu da sana'ar. Matsalar ita ce ba ya ganin cikin ƙafa. A wata makaranta da muka je duba ɗalibinmu, mun tarar da wani saurayi yana ɗingishi wata huɗu bayan faɗuwa a ƙwallo. An ja ƙafar an murza a matsayin targaɗe, ashe karaya ce, ta haɗe a karkace. Damina ta zo ta wuce bai riƙe fartanya ba, alhali shi ne babba a gidan. Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗaurin kara da ya matse kumburarriyar ƙafa har jini ya daina zagawa, abin da kan kai ga yankewa.

Abin takaici, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, bai yi wa Gezawa nisan a-zo-a-gani ba, kuma akwai babban asibiti a garin Gezawa kanta. Abin da babu shi ne mutumin da zai tsaya a tsakani ya ce wannan ta gida ce, wannan kuwa a tafi da ita yau. Kuma hanyar tantancewar ba ta bukatar na'ura. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fito da ƙa'ida a 1992: idan mai rauni ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko kuwa ya ji zafi sa'ad da aka danna bayan ƙashin idon sawu na ciki ko na waje, ko gindin ƙashin ƙaramin yatsa, ko ƙashin da ya ɗan fito a gefen ciki na tsakiyar ƙafa, to lalle a ɗauki hoton ƙashi. In babu ko ɗaya, da wuya a ce karaya ce. Ana iya koya wa malamin firamare wannan a yini guda.

5.0 Wa Za a Horar?

Ra'ayinmu shi ne a fara da difloma ta gaba da digiri ta shekara guda a kan lafiyar ƙafa da raunin wasanni, a buɗe ta ga likitocin gashi, waɗanda Jami'ar Bayero ke yayewa kuma suke da hukumar da ke yi musu rajista tun 1988, da ma'aikatan jinya masu digiri, da likitocin da ke aiki a asibitocin karkara. Aikin tiyata ya tsaya inda yake, hannun likitocin ƙashi da Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ke yayewa. Darussan aji da aikin asibiti a yi su a birni, amma zangon ƙarshe mu so a yi shi da kaka a wuri irin Gezawa ko Jogana, ɗalibi ya zauna a bakin filin dambe da na ƙwallo, ya rubuta kowane rauni da ya gani da inda aka kai mai shi, ya kuma zauna da maɗoran yankin su yi yarjejeniya a kan irin ƙafar da za su riƙa turowa.

Mun san za a ce wannan ba fodiyatiri ba ne na haƙiƙa, kwaskwarima ce. Mun yarda da rabin maganar. Amma waɗanda suka yi wannan difloma su ne za a tura Johannesburg ko Ingila su dawo su koyar a ranar da aka buɗe digirin farko. Mu kuma a kwalejojin ilmi ba sai mun jira kowa ba: darasin agajin gaggawa yana cikin manhajarmu, abin da ya rage shi ne mu sa ƙa'idar taku huɗu da duba katin rigakafin tetanus a cikinsa, mu kuma jarraba ɗalibi a kansu a aikace kafin mu sa hannu a takardarsa ta gwajin koyarwa.