KAMFANI YA FAƊI, NA'URA BA TA MUTU BA

A watan Agusta na shekarar 2001, mutane kusan 51,000 a ƙasar Amurka sun wayi gari da wata na'ura a hannu wadda ta daina aiki. Na'urar ba ta fashe ba, ba ta ƙone ba. Kamfanin da yake ba ta hanya shi ne ya faɗi. Wasu suka jefa tasu cikin shara. Wasu kuwa suka zauna, suka bincike ta, suka samo mata wani sabon aiki.

Wace na'ura ce?

Sunanta modem. Ƴar ƙaramar na'ura ce, ana riƙe ta a hannu guda. Tana da batir nata da ƴar eriya. Ana haɗa ta da kwamfuta da wata gajeruwar waya. Aikinta shi ne ta karɓi rubutu daga kwamfuta, ta maida shi saƙon rediyo, ta aika cikin iska. In saƙo ya zo daga wani wuri, ta karɓa, ta miƙa wa kwamfuta.

Kamfanin da ya ƙera ta sunansa Metricom. An kafa shi a 1985 a jihar Kalifoniya. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai wani masani, Paul Baran. Tun shekarun 1960 wannan mutum ya yi tunanin a riƙa yanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya bi hanyar da ta sawwaƙa, su haɗu a wurin da aka nufa. Kamar dai hatsi ne mai yawa da aka raba wa jakuna goma. Wannan dabara ita ce intanet yake bi har yau.

Da farko kamfanin yana saida rediyoyinsa ga kamfanonin lantarki da na gas. A 1994 ya buɗe wa jama'a wata hanya ta shiga intanet ba da waya ba. Ya sa mata suna Ricochet. An soma a garin Cupertino.

Yaya take aiki?

Kamfanin ya ɗaura ƙananan akwatunan rediyo bisa turakun fitilun titi. Kowane akwati bai wuce girman kwalin takalmi ba, kuma daga fitilar yake shan lantarki. Tsakanin wani akwati da wani, tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa.

In mutum ya aika saƙo, modem ɗinsa ya ba akwatin da ya fi kusa. Wannan ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, har saƙo ya kai wani babban gida inda akwai wayar intanet. Wanda ya taɓa ganin masu gini sun yi layi suna miƙa wa juna tubali, ya gane yadda abin yake. In akwati ɗaya ya lalace, saƙo ya kewaye shi ya bi ta wani.

Da farko saurinta 28.8 ne a ma'aunin da ake kira kilobit. Ma'ana, tana iya kai baƙaƙe wajen 3,600 cikin daƙiƙa guda, wato kamar shafi ɗaya na rubutu. Daga baya aka kai saurin zuwa 128. A wancan zamani abin mamaki ne mutum ya zauna gindin itace yana karanta wasiƙarsa ta intanet.

Me ya kada kamfanin?

Kashe kuɗi ya fi shigowarsu yawa. A 1999 wani attajiri, Paul Allen, da kamfanin tarho na MCI WorldCom suka zuba dalar Amurka miliyan 600. A lura: dalar Amurka ce, ba dalar kasuwa ta tamma biyar ba. Da kuɗin nan aka ɗaura akwatuna a manyan birane kamar New York, Los Angeles da Atlanta. Amma kuɗin wata ya yi wa mutane tsada, masu saye ba su zo da yawa ba. Bashi ya taru ya kusa dala biliyan ɗaya. A watan Yuli na 2001 kamfanin ya shaida wa kotu ya kasa biyan bashinsa. A watan Agusta aka rufe hanya. Ma'aikata suka rasa aiki, masu modem suka rasa intanet.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, an sake kunna akwatunan birnin New York don masu aikin ceto, saboda wayoyi da yawa sun yanke. A ƙarshen shekarar wani kamfani, Aerie Networks, ya saye abin da ya rage kan dala miliyan 8 da ƴan kai. Ya maido da aiki a Denver da San Diego. Wannan ma bai ɗore ba. A 2008 aka rufe gaba ɗaya.

Sirrin da ke cikin na'urar

Ga inda labarin ya yi daɗi. Kowane modem yana da lambarsa, an rubuta ta a jikinsa. Kuma waɗanda suka ƙera shi sun sa masa wata baiwa: yana iya kiran ɗan'uwansa kai tsaye, ba sai ya bi ta akwatin titi ba. Lokacin da kamfani yake da rai, mutane kaɗan ne suka damu da wannan. Da kamfani ya faɗi, sai abin ya zama mai daraja. Modem ɗin da aka saya da tsada ya koma ana saida shi da araha a kasuwar intanet ta eBay. Ɗalibai da masu son gyare-gyare suka riƙa saye biyu-biyu.

Ga yadda suke yi:

1. A samu modem biyu da kwamfuta biyu.
2. A haɗa kowane modem da kwamfutarsa.
3. A gaya wa na farko ya tsaya yana jiran kira.
4. A na biyu, a rubuta umurnin kira, wato ATDT, sannan lambar na farko.
5. In suka ji juna, hanya ta buɗe. Kwamfutocin biyu sai su riƙa aika wa juna rubutu.

Babu kuɗin wata, babu kati, babu kamfani a tsakani. In ɗaya daga cikin gidajen yana da intanet, yana iya ɗiba wa ɗayan. Haka wani yakan haɗa gidansa da shagonsa, wani kuma da gidan maƙwabcinsa.

Akwai hanya ta biyu, wadda kwamfutoci da yawa ke magana lokaci guda, kowace da kowace. Wani ɗalibin jami'ar Stanford, Stuart Cheshire, ya rubuta mata tsari tun cikin shekarun 1990. Sunan tsarin STRIP. An sa shi cikin Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ake ba kowa kyauta. Da yake a buɗe yake ga kowa, faɗuwar kamfani ba ta tafi da shi ba.

Iyakar abin

Ba a rasa matsala ba. Ƙarfin na'urar kaɗan ne. Dokar Amurka ba ta yarda irin wannan rediyo ya wuce wat ɗaya ba. Cikin gari, bango da itatuwa suna tare saƙo. A fili, ko bisa soro, ya fi zuwa nesa. Batir yana tsufa, kuma babu sabo. In na'ura ta lalace, babu wurin kai ta.

Sannan ga rashin sauri. Hoto guda na wayar salula ta yau zai ci kusan minti 10 kafin ya ƙetare a saurin 28.8. Tun 1999 wata sabuwar hanya, WiFi, ta fito da saurin da ya ninka wannan sau ɗaruruwa, kuma kuɗinta ya yi ta sauka. Sannu a hankali mutane suka koma can. Daga baya har tsarin STRIP aka cire daga Linux, don masu aiki da shi sun ƙare.

Za ta yi aiki a Nijar?

A'a. Dalili kuwa shi ne, iska ma tana da rabo, kamar gona. Kowane aiki da kadadarsa. Modem ɗin Ricochet yana magana tsakanin 902 da 928 a ma'aunin megahaz. A Amurka an bar wannan wuri ga kowa. A Afirka da Turai kuwa, sashe na wurin an ba wayoyin salula. Wanda ya kunna irin wannan na'ura a Maradi ko Damagaram zai iya shiga hanyar wayoyin mutane, kamar mai sakin shanu cikin gonar wani. A Nijar hukumar ARCEP ce take raba wannan fili. Kafin a sayi tsohon rediyon aika saƙo da ya fito daga waje, ya kamata a tambaya ko doka ta yarda da shi.

Amma dabarar ba ta tsufa ba. A Mankosi, wata karkara ta Afirka ta Kudu, mutanen gari sun kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna Zenzeleni. Sun ɗaura na'urorin WiFi bisa gidaje, suna ba su wuta da hasken rana, suna tafiyar da hanyarsu da kansu.

Abin lura

Mai sayen na'ura, ko fanfo, ko injin niƙa, ya yi tambaya uku tun kafin ya biya. In mai saidawa ya tafi, abin zai ci gaba da aiki? Akwai wanda ya iya gyara shi kusa? Akwai takardar da ta bayyana yadda yake aiki?

Waɗanda suka ceci modem ɗinsu a 2001 ba su fi sauran kuɗi ba. Sun karanta takardar da ta zo da shi, sun gwada, sun gaya wa juna abin da suka gano. Masu iya magana sun ce, da tsohuwar zuma ake magani. Amma sai wanda ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin tulun.