Takalmin Taya da Sikuta a Tarauni: Wace Hular Kwano Ce Ke Aiki, Wace Ce Ado Kawai?

Duk wanda ya sayi sabuwar waya a kasuwar Farm Centre, da wuya ya bar wajen bai sa mata gilashin kariya da riga ba. Ko mai shago bai yi masa tayi ba, shi zai tambaya, don ya san kuɗin canjin sikirin. Amma matashin nan ne da yamma zai ɗaura takalmin taya, ya hau kwalta tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da titin Zoo, kansa babu komai, hannunsa riƙe da wayar da ta sha kariya yana ɗaukar bidiyon TikTok. Wani ma ya kama bayan adaidaita sahu yana jan sa.

Takalmin taya, katako mai taya da sikuta ba baƙi ba ne yanzu a hannun matasa, musamman da wasan katakon ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Kayan kariyarsu ne har yau ba su samu shiga ba.

Kano da hular kwano kuwa tsohon zance ne. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa masu babura sa hular. Abin da ya biyo baya har BBC ta ba da labarinsa: wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙoƙo da ƙwarya a kai, wasu robar fenti, don dai su wuce jami'ai. Fasinjoji kuma wasu na gudun hular saboda ƙazanta, wasu na tsoron asiri. Daga baya, a Janairun 2013, gwamnatin jiha ta hana goyo a babur a cikin birni, adaidaita sahu ya maye gurbin acaɓa, zancen hular ya lafa. Sai dai tunanin da ya haifi ƙoƙon yana nan, wato ganin hular a matsayin abin da ake sawa don jami'i.

Abin da ke aiki a cikin hular ba roba mai ƙyalli ta waje ba ce. Farin soso ne mai tauri da ke ciki, wanda ake kira EPS, ɗan'uwan wanda ake naɗo talabijin da shi a kwali. Idan kai ya bugi kwalta, soson yana murƙushewa, sai tsayawar kan ta ɗan ɗauki lokaci maimakon ta zo farat ɗaya. Wannan ɗan jinkirin, da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ke rage bugun da ƙwaƙwalwa ke yi wa ƙoƙon kai daga ciki. Saboda haka hular da ba ta da wannan soson, kamar ta magina da ake gani a kan wasu masu babura, wani aikin aka yi ta dominsa: tare abin da ya faɗo daga sama.

Soson EPS sau ɗaya yake aikinsa. Ya murƙushe, ya gama, ko da daga waje hular tana nan sumul. Nan ne matsalar gwanjo take. Hular da aka tsinto a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari tana iya zama mai asali, amma babu mai iya faɗin ko ta taɓa shan bugu a ƙasar da ta fito. Takalmin taya na gwanjo ba laifi, a duba tayoyi da birki kawai. Hula kam gara sabuwa mai araha da ke da shaida, da tsohuwa mai babban suna. Akwai wani soson, EPP, mai komawa yadda yake bayan ƙaramin bugu, ana samunsa a wasu hulunan masu wasan katako waɗanda faɗuwa ta zame musu abin kullum.

Shaidar tana kan 'yar takarda da ke manne a cikin hular. EN 1078 ta Turai ce, ta masu keke da katako da takalmin taya. CPSC ta Amurka ce ta keke, ASTM F1492 kuma ta masu katako. Babur, har da mai lantarki da ke gudu sosai, nasa daban ne: ECE 22.05 ko 22.06, ko DOT. Masu jabu ma suna buga waɗannan haruffa, don haka a zare yadin ciki a danna soson da babban yatsa. Idan ya lotsa kamar katifa, a ajiye ta.

Ga wani lissafi da ya kamata masu kama bayan ɗan sahu su sani. A gwajin EN 1078, ana sako hular ne ta bugi ƙarfe da gudun mita 5.42 a daƙiƙa, kusan kilomita 20 a awa ke nan, kwatankwacin faɗowa daga tsayin mita ɗaya da rabi. Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Adaidaitan da ya miƙe titin Zariya yana kilomita 40 ya riga ya wuce abin da aka gwada hular a kai, balle a yi maganar motar da ke biye a baya. Babu kayan kariyar da aka ƙera don wannan wasan.

Sai hannu. Ɗan Adam idan zai faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba ya ma shawara. Wani bincike da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 1996 kan masu takalmin taya ya gano cewa kashi 32 cikin ɗari na raunukan a wuyan hannu suke, kuma kashi 25 cikin ɗari na duka raunukan karayar wuyan hannu ce. Abin kare wuyan hannu yana da 'yar roba mai tauri a tafi, wadda ke sa hannun ya zame a kan kwalta maimakon ya cije, ta kuma hana shi lanƙwasa baya. Ga wanda abincinsa ke yatsunsa, mai gyaran waya ne ko tela ko mai rubuta manhaja, wannan shi ne na biyu bayan hula. Mai sikuta ne kawai zai yi hattara da shi, don yana hana riƙe kan sikutar da kyau. Safar hannu mai kauri ta fi masa. Na gwiwa da na gwiwar hannu ba su da wani dogon bayani: su kasance da kwanon roba a waje, kuma kada su zame idan an durƙusa.

Zafi ne uzurin da aka fi bayarwa, kuma wanda ya san Kano a watan Afrilu ba zai ce ƙarya ba ne. Maganinsa hula mai ramukan iska da launi mai haske. A auna kai da zaren awon tela, ta saman gira, a sayi daidai santimitar. Ta zauna a goshi, yatsu biyu sama da gira, ba a ture ta ƙeya kamar zanna-bukar ba. Maɗaurin haɓa kuma a ɗaure shi yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.

Masu son sabuwar fasaha za su ci karo da kalmar MIPS, wani siririn faifai ne a cikin hula, ƙirar ƙasar Suwidin, mai barin kai ya ɗan zame milimita 10 zuwa 15 don rage murɗawar ƙwaƙwalwa. Yana da amfani, amma yana ƙara kuɗi, kuma bai kai dacewar hular da kai muhimmanci ba. Agogon Apple Watch tun daga Series 4 na 2018 yana gane faɗuwa ya kira agaji. A tuna dai sai bayan an faɗi yake magana. Abin da kowace waya ke iya yi kyauta shi ne nuna lambar ɗan'uwa da rukunin jini a kan sikirin ko tana kulle, ta sashen bayanan gaggawa. Lambar FRSC 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112. Abin jin sauti kuma a cire shi daga kunne, a titi kunne ido ne na biyu.

Idan an riga an faɗi, kai ya bugu, sai aka ga amai, jiri, mantuwa, barci mai nauyi, ko ruwa da jini na fita ta kunne ko hanci, ba maganar farasitamol ba ce. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, kusa da gida. Ciwon da ya maƙale a gindin babban yatsan hannu shi ma kada a kira shi targaɗe a wuce wajen mai ɗori. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a wajen da karayarsa kan ɓuya a hoton farko, jini kuma ba ya isarsa sosai, shi ya sa idan aka yi sakaci yakan ƙi haɗewa. Irin wannan aikin asibitin ƙashi na Dala ne, kuma likita kan sa a dawo a sake hoton bayan kwana goma zuwa mako biyu.