Zaɓen Unguwa Kafin Sayen Gida a Kazaure da Kewayenta

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a watan Agustan 1991, garin Kazaure, wanda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, yake ta karɓar baƙin da aiki ko karatu ko kasuwanci ya kawo su, musamman saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da kuma cibiyar koyon fasahar kwamfuta ta jiha. Kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura a 2021 ya ƙara jawo hankalin masu neman muhalli zuwa wannan ɓangare na jihar. Yawancin irin waɗannan masu ƙaura, idan dillali ya kai su ganin gida, hankalinsu kan tafi ne ga yawan ɗakuna da kyan fenti da sabon kwanon rufi, alhali duk waɗannan abubuwa ne da mai gida zai iya gyarawa da kuɗinsa a hankali. Unguwa kuwa ba ta gyaruwa da aljihun mutum ɗaya, don haka ita ce ta cancanci dogon nazari kafin a biya ko da kafin alƙalami.

Ruwa ne babban alƙalin unguwa a wannan yanki, kuma yana yanke hukunci sau biyu a shekara, da damina da kuma bazara. Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, wanda hakan ke sa baƙo ya ɗauka cewa ambaliya matsalar mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim ce kawai, waɗanda ke zaune a kwarin kogi kuma suka sha wahala matuƙa a daminar 2022. Gaskiya ne ba irin wannan ambaliyar ake fargaba a nan ba, amma ruwan da ya sauko daga kan dutse yana tafe ne da ƙarfi, yana bin tsohuwar hanyarsa ko da an yanka fulotai a kanta, yana cin gindin katanga yana haƙa kwazazzabo, wato ramin da zaizayar ƙasa ke bari, har ya tare a wuri mafi gangare. Mafi haɗari shi ne filin da a da kududdufi ne, inda aka ɗebi ƙasar gini shekara da shekaru, daga baya aka cike shi da shara da ɓaraguzai aka sayar, domin irin wannan ƙasa ba ta daina zama, kuma ginin da aka ɗora mata yakan fara tsagewa daga kusurwa. Mai lura zai iya gane tarihin wuri daga jikin gidajen maƙwabta: layin danshi da ya canza launin bulo daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, farin gishiri da ke fitowa a siminti yana marmashe shi, dakalin ƙofa da aka ɗaga sama fiye da kima, da buhunan yashi da aka jera a bakin zaure aka manta ba a kwashe ba. Wanda ya ga gida a watan Janairu, lokacin da ko'ina ya bushe, bai ga unguwar ba tukuna, sai ya koma a watan Agusta washegarin ruwa mai ƙarfi ya duba inda lambatu ya nufa da kuma ko mota na iya shiga layin.

Da bazara kuma al'amarin yakan juye. A ƙasar da ke da dutse a ƙarƙashinta, ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina kamar yadda yake a ƙasa mai yashi, yana taruwa ne a tsagogin dutsen da kuma ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a wani gida a sami ruwa mai yawa, a haƙa a layi na gaba a tashi da asarar kuɗi. Saboda haka kasancewar madatsar ruwa a gefen gari ko ganin bututun famfo a ƙofar gida ba hujja ba ce. Abin da ya kamata a tambaya shi ne kwana nawa famfon ke zuwa a mako cikin watan Afrilu, da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a lokacin, da kuma ko rijiyoyin unguwar suna ƙafewa. Mai ga-ruwa da ke turo kura a layin ya fi dillali sanin amsar, kuma ba shi da la'adar da zai kare.

Bayan ruwa sai asalin filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ikon duk ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ta yadda abin da mutum ke mallaka a birni shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka ke tabbatarwa, galibi na tsawon shekara 99, yayin da a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya. Dokar ta kuma tanadi cewa sai da amincewar gwamna ake sayar da filin da ke da irin waccan takarda ta jiha. Asalin filin ne ya raba unguwanni gida biyu: akwai awon gwamnati, inda aka fitar da tituna da wurin makaranta da magudanan ruwa tun kafin gini, akwai kuma awon igiya, inda mai gona ya yayyanka gonarsa ya sayar yadda ya ga dama. Awon igiya ya fi araha, kuma ba laifi ba ne talaka ya fara da shi, sai dai a nan ne ake samun layin da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, da kuma fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu. Sa hannun mai unguwa da dagaci a takardar ciniki yana da nauyi, domin su suka san wanda ya gaji gonar da inda iyakarta ta tsaya, amma ba ya maye gurbin bincike a ofishin ƙasa da safiyo. Yana da kyau baƙo ya san ma cewa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ne ke ƙarƙashin masarautar Kazaure, Ɓaɓura kuwa tana ƙarƙashin Ringim, don ya san fadar da ƙorafinsa zai nufa.

A tsofaffin unguwannin cikin gari, irin su Unguwar Gabas da Unguwar Yamma da Unguwar Arewa, abin da ya fi yawa a kasuwa gidan gado ne, kuma shi ne ya fi kai mai saye gaban alƙali. Idan ba a raba gado ba, ɗaya daga cikin magada ba shi da ikon sayar da gidan duka, sannan a mazhabar Malikiyya akwai shufu'a, wato haƙƙin da abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yake da shi na karɓe kason da aka sayar wa bare ta hanyar biyan kuɗin da aka saya. Mafita ita ce a nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, a kuma tabbatar da yardar kowane magaji, har da matan da ke aure a wasu garuruwa, waɗanda su aka fi mantawa da su a ranar ciniki.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 kuma ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, ya zama abin da dillalai ke ɗaga farashi da shi. Kusanci da tasha yana iya ƙara wa gida daraja, amma doka ta bai wa gwamnati damar karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da take biya ta abin da ke kan filin ce, kamar gini da shuka da itatuwan amfani, ba kuɗin da mutum ya sayi ƙasar ba. Haka abin yake ga gidan da ya shiga hurumin babbar hanya ko ya zauna ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ita kanta wutar, kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta, kuma ta bambanta daga layi zuwa layi, don haka a tambayi gidaje nawa ke kan taransifoma ɗaya da kuma wa ke biyan gyara idan ta ƙone.

Maƙwabta su ne abin da ba a rubutawa a takardar ciniki, kuma Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Unguwar da ke dab da makarantar gaba da sakandare tana da amfani ga mai son ya zuba 'yan haya, amma mai iyali da ke da yara masu tasowa zai so ya ga yadda layin yake bayan sallar isha'i, da irin majalisar da ke zama a bakin kwana, da nisan masallaci da Islamiyya da asibiti idan naƙuda ta tashi da dare. Duk waɗannan ba sa bayyana a ziyarar yini ɗaya, shi ya sa ya fi dacewa wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kazaure ko Ɓaɓura ya kama haya na shekara guda a unguwar da yake sha'awa, ya ga daminarta da bazararta, kafin ya kira shaidu a ƙirga kuɗi.