Gwajin Jini Kafin Aure: Shisshigi Ne A Ƙaddara?

Tambaya ce da ke yawan tasowa a karatun bayan Magariba: in likita ya auna saurayi da budurwa ya ce akwai haɗarin su haifi mai amosanin jini, wato sikila, wai bai taɓa ilimin gaibu ba?

Kowane ɗa yana gadon rabin halin jininsa daga uwa, rabi daga uba. Mai AS lafiyarsa lau, ɗauke da abin kawai yake. To in AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi SS. A lura, kowane ciki ne daban. Ana iya haifar ƴaƴa huɗu babu mai ciwon, ana iya haifar uku a jere duk da shi. Ashe ke nan likita bai san wane ɗa zai zo ba. Sababi ya gano, kamar manomin da ya ga hadari ya ce yau da alamar ruwa.

Masu cewa ai fasa auren gudun ƙaddara ne, su tuna Sayyidina Umar. Yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya yi masa irin wannan tambaya, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, kamar makiyayin da ya zaɓa wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe.

Inda maganar ta fi wuya shi ne nan: in mun ce kada a yi auren, shin muna nufin gara ba a haifi mai sikila ba? A'a. Wanda ya riga ya zo rai ne cikakke, haƙƙinsa magani ne da kulawa, ba gori ba. Abin da ake aunawa wahalar da za a iya kauce mata ce tun babu kowa.

Saudiyya ta wajabta gwajin tun 2004, amma ta bar wa masu auren zaɓi. A ganina laifinmu jinkiri ne. Sai an kai goro, an sa rana, kana a tafi asibiti, lokacin da faɗin gaskiya ya yi wa kowa nauyi. Waliyyi ya nemi takardar tun ranar gaisuwar farko.