Milankobic da zamanin ƙanƙara

Shekara kamar 21.000 da suka wuce, duniya ta fi yanzu sanyi ƙwarai. Ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu ko uku ta rufe Kanada da arewacin Turai. Ruwan teku ya ragu da wajen mita 120, domin ya daskare a bisa ƙasa. Wannan shi ake kira zamanin ƙanƙara. Ya zo ya wuce sau da yawa. Me ke kawo shi? Me ke korar shi?

Wani masani ɗan Sarbiya, mai suna Milutin Milankobic, ya ƙare rayuwarsa yana neman amsar. An haife shi a shekarar 1879 a garin Dalj. Ya yi karatu a Biyana, ya zama injiniya mai gini da siminti. A 1909 ya koma Belgirad yana koyar da lissafi a jami'a. Da yaƙin 1914 ya tashi, sojan Ostiriya suka kama shi. Daga baya aka tsare shi a Budafes, amma aka bar shi ya yi aiki a ɗakin littattafai. A can ya ci gaba da lissafinsa, da alƙalami da takarda kawai.

Ga abin da ya bincika. Tafiyar duniya kewaye da rana tana sakewa sannu sannu, ta hanya uku. Na farko, hanyar da take bi wani lokaci kusan da'ira ce, wani lokaci ta ɗan miƙe kamar ƙwai; wannan yana ɗaukar shekara kamar 100.000. Na biyu, duniya a karkace take, kuma karkatar tana ƙaruwa tana raguwa cikin shekara 41.000. Na ukku, tana layi kamar katantanwar da yara ke murzawa, abin da ke sauya lokutan shekara cikin shekara kamar 23.000.

Milankobic ya lissafa zafin ranar da arewacin duniya ya samu cikin shekara kamar 600.000. Ya ce asirin yana ga bazara. In bazara ba ta yi zafi ba, dusar ƙanƙarar da ta zuba lokacin ɗari ba ta narkewa duka. Ta bana ta hau ta bara, har ta zama tsauni. Farinta kuma yana maida hasken rana sama, sanyi ya ƙaru.

A 1941 ya tara aikinsa cikin babban littafi. Masanan duwatsu da yawa ba su yarda da shi ba. Ya rasu a Belgirad a 1958, ana cikin gardama.

A 1976 masana ukku, biyu na Amurka, ɗaya na Ingila, suka auna lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin Tekun Indiya. Cikin lakar akwai ɓawon ƴan ƙananan halittu, masu nuna sanyi da zafin kowane zamani. Sai suka tarar da shekarun nan ukku: 100.000, 41.000 da 23.000. Lissafinsa ya tabbata.

Wannan sani ya shafi Nijar. A zamanin ƙanƙara, Sahara ta bushe, tuddan rairayi suka gangaro kudu. Daga baya, tsakanin shekara 11.000 da 5.000 da suka wuce, layin duniya ya ƙara wa damana ƙarfi. Tenere ta cika da ciyawa da tafkuna, da kada da dorina. Tafkin Cadi ya yi girma kamar teku. Raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, shaida ne.

Amma zafin da duniya ke ƙarawa a yau ba daga nan ya fito ba. Sauyin da Milankobic ya lissafa yana ɗaukar dubban shekaru. Na yau hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur ne ya kawo shi cikin ƙarni biyu.

Tambayoyi
1. Wane aiki Milankobic ya fara yi?
2. Me ya sa bazara mai sanyi take tara ƙanƙara?
3. Ina aka samu shaidar lissafinsa?